Kowane Kaya da Layinsa

Ba kuɗi aka sata a kantin Seth Ghewarchand ba, kuma abin da ya fara ɗaure wa mutanen Kharasar kai ke nan. Aljihun tebur yana nan da kuɗinsa, gwangwanayen man shanu suna jere, ko ƙwayar sukari ba a taɓa ba. Allon kwamfuta kaɗai aka ɗauke, aka bar wayoyinsa suna reto.

Ni Tikam ne, tela, shagona bango ɗaya da kantin. Da tsakar rana a garinmu ko kare ba ya fita, kowa ya ja ƙofa ya kwanta sai rana ta yi sanyi. A cikin wannan barcin aka shiga ta ƙofar baya, wadda Sethji bai taɓa sa wa kwaɗo ba, igiya kawai yake saƙala mata. Ihun ɗansa Dilip ne ya tashe ni.

Dilip ɗin nan bai daɗe da dawowa daga karatu a Jodhpur ba, ya zo da gyare-gyare cike da kansa. Da can rasit ɗin kantin layi biyu ne: "kayan gida" da jimillarsu, sai haraji a ƙasa a dunƙule. Akantansu na Barmer ya ce hukuma ba ta son haka, tunda harajin man shanu daban, na yadi daban, gishiri ma ba shi da shi. Sai Dilip ya shiga manhajar lissafin ya gyara, kowane kaya ya samu layinsa, da harajinsa a gefensa. Ya ishe mu da zancen. Ko ashana ka je saye sai ya juyo maka allon ka gani.

Garin dama ba cikin daɗi yake ba. Makonni kaɗan kafin nan maciji ya sari Sugna, surukar tsoho Hukma Ram, tana yankan ciyawa, ta cika kafin a kai ta asibiti. Ni na kalmashe bakin jan mayafin da aka rufe ta da shi, don a wurinmu macen da ta mutu ta bar mijinta da rai da ja ake raka ta, kamar amarya. Mijin, Pema, yana aikin gini a Maskat, kuma ba a gaya masa ba. Haka muke yi: ba a jefa wa mutum mutuwa ta waya yana can shi kaɗai a ƙasar wasu. Kamfaninsu kuma duk wanda ya tafi kafin wa'adi ya rasa aikinsa. Uban ya ce a bari sai ya dawo lokacin bikin Diwali, gari duka ya kama bakinsa. In Pema ya kira, sai a ce matarsa ta tafi gidan iyayenta inda waya ba ta shiga. Uwarsa kuwa ta daina karɓar wayar gaba ɗaya, don ta san tana buɗe baki kuka zai tona ta.

Mutanen da suka daɗe suna haɗiye abu, da sun samu inda za su sauke sai su wuce gona da iri. Kafin in ɗaura rawanina an riga an kama Nandu, ɗan dakon kantin, mutumin Bihar, wanda ba shi da kowa a garin. An ɗaure shi a jikin turken raƙuma, leɓensa ya fashe.

"Wa ya san ƙofar baya in ba shi ba?" in ji Sethji. "Rana na faɗuwa zan kira 'yan sanda."

Duk mun san abin da ake yi wa baƙo marar gata a can. Na ce, "Sethji, a kira Sumar tukuna."

Sumar Khan shi ne pagin garinmu, wato mai bin sawu, gadon gidansu ne. Tsoho ne siriri, da sanda da farin gemu, ba ya kallon fuskar mutum in suna gaisawa, ƙafarsa yake kallo. Ya san sawun kowa a Kharasar, har na jaririn da ya fara tafiya bara. Da ya iso sai ya kalli yashin bayan kantin, ya ga yadda aka tattake shi.

"Madalla," ya ce. "Ɓarawo ɗaya ya shiga, jakuna hamsin sun bi bayansa. Ku ja da baya, don Allah."

Ya tsuguna a bakin ƙofar ya daɗe. Sannan ya ce in ɗauko masa kwando biyu, ya kife ɗaya a wajen dokin ƙofa, ɗaya a ciki, inda garin gero ya zube a ƙasa. Na leƙa kafin ya rufe. A waje sawun takalma biyu ne a jere, kai da kai. A ciki kuma tafin ƙafa ne tsirara.

"Me ka gani, Kaka?" na tambaye shi.

"Na ga tela mai yawan tambaya. Zo mu je wurin yaron can."

Nandu yana ganinmu ya fashe da kuka. "Kaka, na rantse da ran 'ya'yana, barci nake yi a ƙarƙashin amalanke. Me zan yi da shi? Ko sunana ban iya rubutawa ba."

"Da takalmi kake shiga kantin?"

"Da buhu a kaina, yaya zan tsaya cirewa? Sethji ma ya gaji da yi mini faɗa ya bari."

Sumar ya duba takalmansa na tayar mota, ya jiƙa gefen rawaninsa ya goge masa leɓe. Ya ce a kawo masa ruwa. Ba wanda ya motsa, sai ni na kawo.

Daga nan muka je wurin Punamchand, mai ɗaya kantin na bakin tasha, don kowa ya ji shi yana rantsuwa sai ya farfasa na'urar nan. Muka same shi yana auna barkono.

"Eh, na faɗa, kuma zan sake faɗa," ya ce. "Shekara nawa ina rubuta rasit da hannuna ba wanda ya ce uffan? Yanzu tsohuwar da ba ta san alif ba sai ta ce mini, ina layin harajin? Amma da ni ne, Sumar, guduma zan ɗauka, gaban kowa, ba in yi sanɗa da tsakar rana ba."

"Da kai ne da ka haɗa da aljihun tebur," na ce.

"Kai tela, wandon da ka ɗinka mini ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo, ka bar zancen sata."

Sumar bai yi dariya ba. Ya kalli ƙafafun Punamchand masu faɗi kamar na raƙumi, ya juya.

Wasu kuma sun fara raɗa cewa Dilip ne da kansa, wai ya ci bashi a birni. Muka same shi zaune a kantin ya haɗa kai da gwiwa.

Sumar ya ce, "Yaro, wannan abin da aka ɗauke, nawa zai yi a kasuwa?"

"Ba komai, Kaka. Tsohon allo ne. Wanda ya san kwamfuta ai wancan zai ɗauka." Ya nuna baƙin akwatin da ke ƙarƙashin tebur, yana ta ƙyafta 'yar koriyar fitila. "Komai a cikinsa yake. Allon na kallo ne kawai."

"To ba kai ba ne. Yau wa ka nuna wa sabon rasit ɗin?"

"Kowa. Malamar makaranta, direban bas, matan ƙabilar Bhil. Kaka Hukma ma da ya zo sayen taba na nuna masa. Har ya tambaye ni ko irin rasit ɗin nan ne ake tura wa Pema a waya, tunda Pema ke biyan kayan gidansu duk wata. Na ce eh, yau ƙarshen wata, da yamma duk za su tafi. Ya ce, komai da komai ake gani? Na ce komai, kowane kaya da layinsa."

Ya faɗi maganar da ɗan alfaharinsa na kullum, bai ma ji abin da ya faɗa ba. Ni ma a lokacin ban ji ba. Sumar dai ya tsaya yana kallon lungun da Sethji ya ajiye gumakansa da fitilar mai, sannan ya fita ba sallama.

Ya kama sawun a bayan tarin itace, inda ba a tattake ba. Na bi shi. Takalman fata ne irin na kowa, masu lanƙwasasshen baki, amma dunduniyar ta nutse, alamar kaya a kai. Ba mu yi nisa ba muka ga inda aka sauke wani abu mai kusurwa huɗu a kan yashi, da gurbin zama a gefensa. Gaba kaɗan aka sake saukewa. Allon da Nandu zai ɗauka da hannu ɗaya yana waƙa, wannan sai da ya yi ta hutawa.

Sawun bai nufi tasha ba, bai nufi titin Barmer ba. Tudun yashin yamma ya nufa, inda muke ƙona matattunmu. Sumar ya ja ya tsaya.

"Iska ta share," ya ce.

Na ɗaga kai. Ko ganyen bishiya ba ya motsi. Sawun kuma ga shi nan a gabanmu tar, kamar an buga da hatimi.

"Kaka, wace iskar?"

"Tikam, in ka yanka yadi ba daidai ba kana iya haɗawa. Ni in na buɗe baki ba ya ɗinkuwa." Idanunsa sun kawo ruwa. "Tun muna yara muke kiwon awaki tare da mai ƙafar nan. Ranar da ƙaya ta lanƙwasa masa ɗan yatsa ni na goyo shi gida."

Sai a lokacin abin ya faɗo mini. Ɓarawon da ya tsaya ya tuɓe takalmi ya jera su a bakin ƙofa, don akwai gumaka a ɗakin, ba baƙo ba ne, ba kuma ɓarawo ba ne. Mutum ne da ya yi shekara sittin yana shiga kantin nan ba takalmi, ko sata ta kawo shi ƙafarsa ba za ta yarda ta shiga da shi ba.

"To Nandu fa?" na ce.

 Muka juyo, rana tana ta yin ƙasa.

A ƙofar kantin gari ya taru. Dattawa suna kan gadon igiya, Hukma Ram a cikinsu, ya rame, rawaninsa fari na makoki. Sumar ya sa aka share fili aka baje yashi mai laushi, kamar yadda ake yi tun kakanni. Duk wanda ake zargi zai taka ba takalmi, a gwada da abin da ke ƙarƙashin kwando.

Aka kwance Nandu ya taka. Sumar ya duba ya ce, "Ba shi ba ne." Punamchand ya taka yana tsaki. "Ba shi ba ne." Dilip ya taka, direban bas ya taka, har ni aka sa na taka don Punamchand ya dage.

"To wane ne?" Sethji ya tambaya.

"Ban sani ba," in ji Sumar. "Na tsufa, idona ya mutu."

 Mutumin da ya taɓa bin raƙumin sata har bakin iyaka, yau ya tsaya gaban yara yana zubar da sunan gidansu da hannunsa. Na ji kamar in nutse.

"In idonka ya mutu, ai wanke Nandu da ka yi ma ba shi da amfani," Sethji ya ce. "Ku mai da shi turke. Dilip, ba ni waya."

Samari biyu suka damƙi Nandu. Bai yi gardama ba, sunan 'yarsa kawai yake kira.

"Ku sake shi."

Hukma Ram ne. Ya dafa sandarsa ya miƙe da ƙyar, ya zo bakin yashin. Ya zare takalminsa na dama, ya zare na hagu, ya sunkuya ya jera su kai da kai. Sannan ya taka a hankali har ɗaya gefen. Ba sai an buɗe kwando ba. Ɗan yatsan hagu a lanƙwashe, kowa ya gani.

"Zauna, Hukma," Sumar ya ce. "Ba wanda ya kira ka."

"Ka yi ƙarya sau ɗaya saboda ni, Sumar, ya isa." Ya juya wurin Nandu ya haɗa tafukan hannunsa. "Ɗana, ka yafe mini. Ina gida na ji an ce an kama ka, na ce bari yamma ta wuce tukuna. Ban kyauta ba."

Sethji ya matso. "Kaka, kai? Me za ka yi da shi?"

"Yana can a binne kusa da inda muka ƙona surukata. Na naɗe shi da bargo, yashi bai shiga ba. Gobe da na dawo da shi." Ya dubi Dilip. "Kai ka ce komai ake gani. Ghewar, ranar da ta mutu me na aiko aka ɗauka a nan?"

Sethji ya tuna. Shi da kansa ya auna kayan ranar, shi ya shigar da su a asusun gidan. Gwangwanin man shanu babba. Itacen sandal mai ƙamshi. Riɗi da sha'ir. Sabuwar tukunyar ƙasa. Igiya. Jan mayafi.

"Da dai 'kayan gida' za a rubuta masa, ya ga kuɗin ya yi yawa, in ce mun gyara rufi," tsohon ya ce. "Amma a jera masa su ɗaya bayan ɗaya? Ko yaron goye a garin nan ya ga waɗannan a jere ya san me aka yi da su. Na ce in abin rubutun ba ya nan, ba abin da zai tafi."

Mata suka fara kuka ƙasa-ƙasa. Gari guda mun yi makonni muna gadin maganar nan, mun hana yara, mun hana direban bas, ba wanda ya tuna da rasit. Sethji ya share ido ya ce, "Kaka, da ka gaya mini. Ba komai, an wuce wurin. Dilip, wannan watan ka mayar musu da nasu yadda yake da."

Dilip bai motsa ba. Fuskarsa ta yi fari fat.

"Bapu," ya ce wa ubansa a hankali, "ba allon ke turawa ba. Akwatin ne. Na saita shi yana turawa da kansa. Ba a kashe shi ba."

Duk muka juya muka kalli cikin kantin. 'Yar koriyar fitilar tana nan tana ƙyaftawa a ƙarƙashin tebur.

"Cire wayar!" wani ya yi ihu. Dilip ya duba tasa wayar, ya girgiza kai. Rasit ɗin duk sun tafi tun muna share fili.

Ban san iya lokacin da muka ɗauka a tsaye ba. Can sai aljihun Hukma Ram ya fara kiɗa, irin waƙar yara da Sugna ta sa masa don ya riƙa gane kiran ɗansa. Ya ciro wayar, ya danna, kuma da yake kunnensa ya yi nauyi, kullum a buɗe take magana. Duk muka ji.

"Bapu." Shiru, da ƙarar motoci a bayansa. "Bapu, na ga takardar kanti."

"Ɗana, ka ci abinci?"

"Na karanta sau uku. Har harajin mayafin an rubuta." Numfashinsa yana sarƙewa. "Ja ne, Bapu. Mace ce mai miji. Mata biyu ne masu miji a gidanmu, kuma duk cikinsu ba wadda na ji muryarta tun farkon wata. Kada ka ce mini gidan iyaye. Ka gaya mini kawai, wace ce?"

Tsohon ya motsa baki, ba abin da ya fito. Sumar ya matso ya riƙe shi ta kafaɗa don kada ya faɗi.

Sai aka buɗe hanya a cikin mata. Gavri ce, uwar Pema, wadda ta yi makonni tana gudun wayar nan. Ta zo lulluɓe, ta karɓe ta daga hannun mijinta, ta riƙe da hannu biyu.

"Pema," ta ce. "Ni ce. Innarka ce."

Mun ji ya saki ajiyar zuciya, ta wanda ya ji muryar uwarsa. Ba ta kai ƙarshe ba ta tsinke a tsakiya.

Nandu, da igiya har yanzu a hannunsa ɗaya, shi ya fara zama a ƙasa ya rufe fuskarsa. Sumar ya sunkuya ya ɗauki takalman abokinsa, ya kakkaɓe yashin, ya ajiye masa su a gaban ƙafa.